Mita Biyu da Arba'in da Biyar

Saura mako shida

Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kuna lafiya kai da Mama. Ya gwiwar? Mu ma nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Na koma takarda ne saboda wayar da muka yi shekaranjiya ta gajiyar da ni. Ni ina ta ihu har maƙwabta suka gama jin damuwata, kai kuma kana ta cewa, "Me? Wa ya rasu?" Babu wanda ya rasu, Baba. Daga yau zan riƙa ba direban motar safe wasiƙa, kai ma ka riƙa ba shi amsa.

Ga maganar. Shugabar makarantarmu ta kira ni ofis, ta ce an yanke cewa malamar motsa jiki ba za ta ƙara koyar da tanis ba sai da takardar shaidar koci. In ban kawo takardar kafin ƙarshen zango ba, za a kwance raga, a goge layuka, a mayar da filin wurin ajiye motocin malamai. Malamin lissafi har ya zaɓi inda zai riƙa ajiye tasa, a gabana ya taka wurin yana ƙidaya taku. Yara mata goma sha biyu nake da su a filin nan. Uku daga ciki, in ka ga yadda suke bin ƙwallo, sai ka miƙe tsaye duk da gwiwarka. Babu wani filin da za su iya zuwa in aka rufe wannan.

Na shiga jarrabawar watan jiya. Ta rubutu na ci, ta koyarwa na ci, miƙaƙƙen sabis, wato bugun fara wasa, shi ma na ci. Sai aka zo kan sabis mai tsalle, wanda ƙwallo ke sauka a akwatin da aka zana a tsallaken raga ta zabura sama ta nufi kafaɗar mai karɓa. Goma ake bugawa, ana son shida su shiga kuma su yi tsallen. Huɗu na samu. Sauran shidan ba tsakiyar raket suka samu ba, ƙarfen gefe suka daka, ƙwal! Ɗaya ta haura shinge, ɗaya ta ture gorar ruwan mai jarrabawa. Mutumin ya ɗauki gorarsa ya matsar da kujera baya, wallahi gara a ce zagina ya yi.

Sun ba ni dama ɗaya, nan da mako shida. In na sake faɗuwa sai baɗi, kafin nan kuwa motoci sun gama ɗigar da baƙin mai a filin.

Kai ka shekara talatin kana koci. Ƙanena ka koya wa wannan bugun, ga shi can yana sayar da tayoyi, tumbi ya hana shi ganin takalminsa. Ni ban samu ba, a wurin kallon mutane na tsinci ɗan abin da na iya. Ba gori nake yi ba, taimako nake nema. Me ke sa ƙwallo dukan ƙarfe, kuma yaya ake gyarawa?

A gaida Mama, a ce mata ina nan tafe in na samu kaina.

'Yarka.

*

Saura mako biyar da kwana huɗu

Zuwa ga 'yata, 'Yar Ƙarama,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da maigidanki, takardarki ta iso, na karanta ta sau biyu. Kafin komai, kunnena lafiyarsa ƙalau. Wayoyin yanzu ne ba su da murya.

Ciwon da kika faɗa tsohon ciwo ne, na warkar da shi a jikin mutum ya fi ɗari. Ki natsu ki bi abin da zan faɗa, kada ki ƙara, kada ki rage.

Riƙo tukuna. Ki riƙe raket kamar mai riƙe da guduma, ba kamar mai riƙe da kasko ba. Tsayuwa kuma a kaikaice, kafaɗar hagu tana kallon raga, kada ki yi gaggawar buɗe ƙirji. Ƙwallo ba dukanta ake yi ba, shafarta ake yi. Ki ɗauka fuskar agogo ce, ki shafo ta daga ƙarfe bakwai zuwa ƙarfe ɗaya, daga ƙasa zuwa sama. Kanki ya zauna a sama har sai kin ga raket ya taɓa ta. Yawancin masu dukan ƙarfe sun riga sun sauke ido suna neman inda ƙwallo za ta faɗa, alhali ba su ma buga ta ba.

Amma duk wannan ƙananan abubuwa ne. Uwar aikin ita ce cilla ƙwallo. In cillawa ta lalace, ko wane ne kai sai ka daki ƙarfe. A wannan sabis ana cilla ta ne daidai bisa kai, ta yadda in kin ƙyale ta za ta sauko miki a goshi, kuma tsayinta ya zama iri ɗaya kullum.

Ga maganin. Ki sa maigidanki, tun da kafinta ne, ya kafa katako a jikin bango ya miƙo waje, a ɗaura igiya a bakinsa, a ƙulla ɗan tsumma a ƙarshen igiyar. Daga ƙasa zuwa tsumman ya zama mita biyu da santimita arba'in da biyar, ba ƙari ba ragi. Wannan ma'auninki ne, da hannuna na ɗauke shi, yana nan rubuce a littafina. Kowace safiya ki tsaya a ƙarƙashinsa ki cilla ƙwallo sau ɗari biyu, ta taɓa tsumman kawai, kada ta wuce shi. Da yamma ki je fili ki buga ɗari, kina ganin tsumman a zuciyarki. Cikin mako biyu hannu zai haddace.

Maganar ƙanenki kuwa ba ta da alaƙa da sabis. Shi kuma malamin lissafi, ki ce masa in ji ni, ya saba da ajiye motarsa a titi.

Mamanki tana gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.

*

Saura mako huɗu

Baba,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum, da fatan gwiwa ta yi sauƙi.

Yau kwana goma ina shan maganinka. A da huɗu nake samu cikin goma. Yanzu ɗaya nake samu, ran da na tashi da sa'a biyu.

Kada ka ce ban bi ba. Surukinka ya kafa katakon a bangon shagonsa na bayan gida, ya auna, ya sake aunawa, har ya yi wa katakon fenti kamar wani kayan ɗaki. Kowace safiya ina ƙarƙashin tsumman nan kamar mai jiran ya yi magana. Ɗari biyu cif. Hannuna ya haddace, gaskiyarka, yanzu ko ido na rufe ƙwallo tana zuwa ta sumbaci tsumma ta dawo. To amma da na je fili na cilla ta haka, kafin in gama lanƙwasa gwiwa ta riga ta sauko. Sai in tsinci kaina a duƙe, gwiwar hannu a naɗe, kamar mai neman takalmi a ƙarƙashin gado. Sai ƙwal! Ƙarfe.

Jiya ɗaya ta tashi ta faɗa tagar ɗakin gwaje-gwaje, malamar kimiyya ta leƙo tana riƙe da ita da yatsa biyu kamar ta tsinci mushen ɓera. Shekaranjiya kuma kaina na daka da raket ɗin, ga ƙulun nan har yanzu. Kafaɗata tana zogi. Abin da ya fi ƙona min rai, yaran suna kallo. Ƙaramarsu, wadda duk abin da na yi sai ta kwaikwaya, ta zo ta duƙa ta murguɗa hannu ta ce, "Malama, haka sabon salon yake?" Na ce mata ta je ta sha ruwa. Malamin lissafi kuma kullum sai ya tsaya a bakin shinge ya ce, "Malama, ya ƙoƙari?" da wani murmushi da ke sa in ji kamar in cilla masa raket.

Baba, ni dai a idona tsumman nan ya yi ƙasa. Ban ce na fi ka sani ba. Amma ko ɗage ƙafa ba na yi nake kai shi. Ka tabbata lambar daidai take?

Bari in sa a ɗauke ni a bidiyo in tura wayar Mama ka gani da idonka. Minti ɗaya ya isa.

Sannan don Allah a sauke min sunan nan na 'Yar Ƙarama. Shekarata talatin da ɗaya. Ɗalibaina in na juya baya Malama Falwaya suke ce min, suna zaton ba na ji.

A gaida Mama da kyau.

'Yarka, wadda ta gaji.

*

Saura mako uku da kwana biyar

'Yar Ƙarama,

Bayan gaisuwa, na ga saƙonki, kuma ban yi mamaki ba. Duk ɗalibin da na taɓa ba wannan aiki, a mako na biyu yake zuwa da kuka, a na uku ya zo da godiya.

Tsumma yana inda ya kamata. Ke kin saba da miƙaƙƙen sabis, wanda ake bugawa can ƙololuwa da hannu a miƙe. Mai tsalle ba haka yake ba. Ana samun ƙwallo ne ƙasa kaɗan, lokacin da raket ke kan hanyarsa ta hawa, don ya samu wurin shafarta. Shi ya sa kike ganin kamar ya yi ƙasa. Idonki ne bai saba ba. Lamba ba ta ƙarya, kuma ni ban taɓa rubuta lamba da ka ba.

Bidiyo kuwa ba na buƙata. Wayar Mamanki fuskarta a tsage take, kowa a cikinta kai biyu gare shi. Ban da haka, ni da na koya miki riƙon raket tun ba ki iya riƙon cokali ba, sai an nuna min ke a waya? Daga nan inda nake zaune ina ganin abin da kike yi. Kina sauke kai. Tun kina yarinya haka kike, gaggawa ta yi miki yawa, kina son ganin sakamako kafin ki gama aiki. Wannan kuwa daga dangin Mamanki kika ɗauko shi.

Ki mayar da cillawar safe ɗari uku. Kafaɗa ki gasa ta da ruwan ɗumi. Ƙulun kai zai sauka da kansa, kowane ɗan wasa ya taɓa yin irinsa, ban da ni.

Ki gaida maigidanki. Ban ce a yi wa katako fenti ba, amma ba laifi.

Mahaifinki.

*

Saura mako biyu da kwana uku

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Baba yana cikin ƙoshin lafiya tare da Mama da duk mutanen gida, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, amin.

Baba ya yi min afuwa, ban taɓa rubuto masa takarda ba, kuma ban iya tsara magana ba, ni da guduma da zarto muka fi sabawa. Ita ma mai ɗakin ba ta san na rubuto ba, ina roƙon a bar shi tsakaninmu in da hali.

Dalilin rubutun shi ne gidan ba lafiya. Ba na kawo ƙara ba ne. Amma yanzu duk abin da ya shiga hannunta sai ta cilla shi sama. Albasa, sabulu, lemo, jiya har ƙwai, shi kam bai dawo lafiya ba. Abinci ba ta ci sosai. Hannun dama ba ya ɗaguwa da safe sai na shafa mata man zafi. In na ce ta huta kwana ɗaya, sai ta ce ni me na sani, kuma gaskiyarta ne, ban sani ba. Ranar Talata da rana na shiga ɗakin ajiyar katako neman ƙusa, na tarar da ita zaune a kan buhun garin katako tana kuka, ta ce ƙura ce ta shiga idonta. Ta ce min yaran sun fara tambayarta ko gaskiya ne za a rufe filin.

Game da aikin da Baba ya ba ni, na yi shi yadda aka rubuta. Sau uku na auna da tef, daga siminti zuwa bakin tsumma, mita biyu da arba'in da biyar. Ko yanzu aka zo aka auna haka za a samu.

Sai dai akwai abin da ke damuna, Baba ya gafarce ni. Mu a sana'armu, in za mu yi wa mutum teburin aiki ko kanta, mutumin muke fara aunawa ranar da za mu yanka katako. Shi ya sa na yi mata dabara, na ce sabon madubi zan haɗa mata, ta tsaya jikin bango na auna ta. Tsawonta mita ɗaya da saba'in da tara, ba takalmi. Da ta ɗaga raket sama tana tsaye, ba tsalle ba ɗage ƙafa, bakinsa ya kai mita biyu da tamanin da biyu. Wato tsumman ko tsakiyar raket ɗin bai kai ba, a wajen wuyansa yake tsayawa, kusa da hannunta.

To ni ban san tanis ba. In haka ake yi a wasan, Baba ya yi watsi da maganata, ya ɗauka ban faɗa ba. In kuma lambar ce ta samu matsala a hanya, tsani yana nan, minti biyar ya ishe ni in ɗaga katakon. Yanzu dai ga madubi ya hau kaina, sai na haɗa.

Ina neman afuwa in na shiga hurumin da ba nawa ba. A gaida Mama.

Naka mai biyayya,
Surukinka.

*

Saura mako biyu

'Yar Ƙarama,

Bayan gaisuwa. A ɗaga tsumma zuwa mita biyu da casa'in da biyar, yau ɗin nan, kada a kai gobe. An samu ɗan kuskure wajen kafawa. Kafinta in ya ga abu bai zauna daidai ba, kamata ya yi ya yi tambaya tun ranar farko, ba ya tsaya fenti ba.

Ki rage cillawar safe zuwa ɗari, ki ba kafaɗa hutun kwana ɗaya. Sauran abin da na faɗa yana nan yadda yake: riƙon guduma, tsayuwa a kaikaice, bakwai zuwa ɗaya, kai a sama. Lokaci bai ƙure ba in kin bar gaggawa.

Mamanki tana gaisuwa.

Mahaifinki.

*

Saura kwana goma sha ɗaya

Baba,

Ina gaisuwa. Ina fata kuna lafiya.

Rabin mita, Baba. Rabin mita ne ɗan kuskure?

Da takardarka ta zo na tsare surukinka a shago, ban ko ɗaga murya ba ya zayyana min komai, har da maganar madubi. Don haka kada a sake ɗora masa laifi. Abin da ka rubuta shi ya kafa. Mutumin da ke jin nauyin haɗa ido da kai, shi kake so ya ce maka lambarka ba daidai ba ce? Ni da na faɗa, me aka ce min? An ce gaggawar dangin Mama ce.

Na zauna na yi ta juya lambar nan a raina, ina ka samo ta, sai na tuna. Bangon bayan kulob ɗin da kake aiki, wanda ake buga ƙwallo a jikinsa. Ka tsayar da ni, ka ce in ɗaga raket, ka hau benci ka ja layi da alli, ka rubuta a littafinka. Ka ce min sati mai zuwa za mu fara sabis mai tsalle. Shekarata goma sha ɗaya. Da satin ya zo sai ka zo da ƙanena, ka ce hannunsa ya nuna alama, ni in riƙa tsinto muku ƙwallaye na ɗan lokaci. Ɗan lokacin nan yau shekararsa ashirin.

Wato duk makonnin nan yarinyar cikin littafinka kake koya wa sabis, ni kuma ina nan ina lanƙwashe kaina don in shiga tsawonta.

Ka ce daga inda kake zaune kana ganin abin da nake yi. Yaushe rabon da ka gan ni da raket a hannu? Na buga wa sakandare, ba ka zo ba. Na buga wa kwaleji, na ciwo kofi, na kawo maka shi gida, ka juya shi ka ce ƙarfen ba mai kyau ba ne. Kullum akwai wasan ƙanena a wani wuri. Ko a gida ma, kana zaune nake shigowa, in nemi wuri a ƙasa in zauna, ina jin shi ya sa ba ka lura na wuce ka da kai guda ba.

Raina a ɓace yake, Baba, kuma ba zan ɓoye ba. Mako uku na ƙona ina koya wa hannuna kuskure, sau dubu nawa, da biyayya. Yanzu ya haddace, kamar yadda ka yi alkawari, kuma kwana goma sha ɗaya gare ni in mantar da shi. In na cilla goma, huɗu sai sun tsaya a inda tsohon tsumma yake, ko da babu komai a wurin. In filin nan ya tafi, yara goma sha biyu ne za su koma tsayuwa a bayan shinge, ni kuwa na san yadda tsayuwar take.

Abin haushin ma, sauran maganganunka duk daidai ne. Jiya da yamma na cilla ɗaya ta kai inda ya kamata, na bar kaina a sama, na shafo ta. Babu ƙwal, sai wani sauti mai laushi kamar an yage ƙyalle. Ta haura raga da nisa, ta sauka cikin akwati, ta zabura ta wuce kan yarinyar da ke karɓa. Yaran suka sa ihu. Ni kuwa na tsaya ina tunanin ashe abin da ka iya ke nan tun tuni.

Ba sai ka aiko da wani sabon umarni ba, wanda ke hannuna ya isa. A gaida Mama.

'Yarka.

*

Washegarin jarrabawa

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Kwana goma ina tambayar direba, yana cewa ba a ba shi komai ba. Mama ta ce min kana nan ƙalau, sai dai ka rage magana. To ga labari, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba.

Mai jarrabawar nan ne dai na wancan karon. Yana ganina ya ɗauke gorar ruwansa ya sa a ƙarƙashin kujera. Biyun farko hannuna ya koma gidan jiya, ƙwal, ƙwal. Surukinka yana zaune a benci rungume da jakata, na ga ya sunkuyar da kai. Na uku da na huɗu suka shiga. Na biyar raga ta cinye. Na shida da na bakwai suka shiga. Na takwas ta shiga amma ba ta yi tsalle ba, mutumin ya girgiza kai. Saura biyu, kuma dole duka biyun.

Ta tara na cilla, na ga ta yi ƙasa, na ƙyale ta ta faɗo na cafe. Na sake, ta sake yin ƙasa, na sake cafewa. Mai jarrabawa ya dubi agogonsa. Na ce a raina ya duba da kyau, ba zan buga ƙwallon da ba tawa ba. A karo na uku ta hau, na buga, ta shiga. Ta goma ban ma ga saukarta ba, kaina yana sama, ihun surukinka na ji, mutumin da ko a shago ba a jin muryarsa.

Shida cif. Yau da safe na ajiye takardar a teburin Shugaba. Raga tana nan. Malamin lissafi ya ce dama shi inuwar wurin ba ta yi masa ba.

Ban janye ko kalma ɗaya daga wasiƙata ta baya ba. Amma na ga bai kamata ka ji a bakin wani ba.

A gaida Mama. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa.

'Yarka.

*

Malama,

Wa alaikumus salam. Shida cikin goma kaɗan ne, a zamaninmu da takwas ake wucewa. Amma ƙwallo biyun da kika ƙi bugawa, wannan aikin koci ne, kuma ba ni na koya miki ba.

Waccan takardar taki na fara amsa ta sau huɗu ina yagawa. Duk abin da na rubuta sai in ga kare kai ne. Gaskiyarki, duka. Ki ce wa maigidanki aikinsa daidai ne, bakina ne ya yi masa ba daidai ba.

Zan biyo motar safe ranar Alhamis, in ji Mamanki ranar kike da yaran. A ajiye min kujera a gefen fili. Ba gyara zan zo yi ba, kallo zan zo.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.